Ina so in mayar da tsohuwar motar kaya ɗakin kwana mai wutar sola: ta ina zan fara?

Matafiyi:

Assalamu alaikum masana. Akwai tsohuwar motar kaya mai dogon bodi da dogon rufi, mai shan dizal, da nake so in mayar ɗakin kwana na mutum biyu, ta yadda za a iya yin kwana uku ko huɗu a inda babu wuta babu famfo. Abin da nake so a ciki shi ne gado, ƙaramin firji, fanka, fitilu, wurin cajin waya da kwamfuta, murhun gas, da wurin wanke hannu da kwanuka. Farantin da ke jikin ƙofa ya nuna iyakar nauyinta da kaya kilo 3,500 ne. Injin yana tashi lafiya, amma akwai tsatsa a ƙasan ƙofofi da wajen tayoyin baya.

Me ake fara yi, me ke biyo baya? Batir nawa da sola nawa za su riƙe waɗannan kaya? Kuma yaya ake maganin zafi, tunda gwangwanin ƙarfe ne? Don Allah a ba ni lissafi dalla-dalla.

Bakanike:

Wa alaikumus salam Malam Matafiyi. Ka ja birki tukuna, kada ka sayi ko kwan fitila ɗaya sai ka yi abu biyu.

Na farko, kwashe duk tarkacen da ke cikin motar, cika tankin mai, ka kai ta sikelin da ake auna manyan motoci. A auna ta gaba ɗaya, sannan a auna tayoyin gaba daban, na baya daban. A ce ta ba ka kilo 2,300, to abin da ya rage maka 1,200 ne, kuma a cikinsa za ka cire nauyinku ku biyu, da ruwa, da gas, da abinci da tufafi. Da wuya abin da zai saura wa ginin kansa ya wuce kilo 700. A kan wannan farantin na jikin ƙofa za ka ga an rubuta iyakar abin da gaba ke ɗauka da wanda baya ke ɗauka. Mutane da yawa jimillarsu ba ta wuce iyaka ba, amma sun jibge tankin ruwa da batir can bayan tayoyin baya, sai gaba ya yi sauƙi, sitiyari ya dinga yawo a hannu, birki ya ƙi kamawa yadda ya kamata. Kaya masu nauyi a ƙasa suke zama, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a raba su hagu da dama.

Na biyu, tsatsa. Wadda ka gani a ƙasan ƙofofi ita ce ta fito fili, akwai wadda ta ɓuya. Ɗaga robar da ke shimfiɗe a ƙasa, cire katakon bango, duba kewayen gilashin gaba da ɗinkin rufi, ka shiga ƙarƙashi da tocila da sukudireba. Caka duk inda fenti ya kumbura. Idan ƙarfen ya tsaya da ƙarfinsa, kankare shi da burushin ƙarfe har ya yi sheƙi, shafa maganin tsatsa, sannan firaima mai epoxy, sannan fenti. Idan sukudireba ya shige, maganar shafe-shafe ta ƙare, sai a yanke wurin a yi waldar sabon ƙarfe. Cika rami da foti ɓoye ciwo ne kawai. Idan kuwa ruɓewar ta ci wurin da sifirin ke ɗaure ko ƙashin motar kansa, ka sake tunani kan motar gaba ɗaya kafin ka zuba mata wahalarka. Duk walda a gama ta yanzu, domin da zarar an sa abin tare zafi da katako, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara a bayan bango.

Daga nan sai injin: tayimin bel in mai bel ce, lagireto da robobin ruwa, birki, kuloci. Motar za ta koma ɗauke da kaya kullum, ba ta da ranar hutu. Tayoyi su zama masu harafin C, na ɗaukar kaya. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta haura shekara shida tana iya zama da zanenta kamar sabuwa amma robar ta bushe.

Jerin aikin bayan haka: yanke ramukan fanka, taga da na shigar waya, janyo wayoyi da bututu, abin tare zafi, ƙasa, bango da silin, kabad da gado, sai haɗa wuta, ruwa da gas a ƙarshe. Ka kuma tambayi hukumar rajistar motoci da kamfanin inshora abin da dokar ƙasarka ta ce kan sauya fasalin mota, musamman ƙarin kujerun fasinja.

Kafinta:

Oga Bakanike ya gama magana kan ƙarfe, bari in ɗora daga wurin yanka.

Mafi yawan fankokin rufi ramin santimita 40 da 40 suke buƙata. Zaɓi wuri tsakanin haƙarƙarin rufi guda biyu, kada ka yanke ko ɗaya, su ke riƙe da rufin. Manna tef a kewaye, huda kusurwoyi huɗu, yanka, goge bakin, shafa firaima. Sannan ka share garin ƙarfen nan tas, sama da ƙasa. Idan ka bar shi ya kwana a kan fenti ya sha raɓa, da safe za ka tarar da ɗigo-ɗigon tsatsa ko'ina. Ƙarƙashin firam ɗin fankar a sa tef ɗin butyl, a ɗaure, a bi gefe da kan sukurori da gam na polyurethane irin Sikaflex. Silikon na banɗaki ba ya riƙe fentin mota na dogon lokaci, kuma inda ya taɓa, wani gam ba ya sake kamawa sai an sha wahalar gogewa. Kafin ka rufe silin, watsa ruwa da tiyo na minti goma wani yana ciki yana dubawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yoyon da ba ka gani ba yau shi ne zai ruɓar da silin ɗinka.

Maganar zafi. Fanka ɗaya mai fitar da iska ba ta aiki sai da inda iska za ta shigo. Sa fankar a sama ta ɗaya ƙarshen, taga mai raga ko ramin iska a ƙasa ta ɗaya ƙarshen, iska ta ratsa ta kan gado. Rufin ya zama fari. Gilasai su ne babbar ƙofar zafi, kuma marufin da aka sa ta waje ya fi na ciki aiki, don yana tare ranar kafin ta shiga.

Abin tare zafi: allon PIR, wato allon soso mai tauri, mai takardar alminiyam gaba da baya, milimita 25 a bango da ƙasa, 50 a rufi idan tsayi ya bari. Ledar nan mai ƙyalli da ake mannawa kai tsaye jikin ƙarfe kusan ba ta yin komai, sai da tazarar iska a gabanta take mayar da zafi. Audugar gilashi kuma ka guje ta, tana shan ruwa tana riƙewa jikin ƙarfe, girgiza na sa ta zube ƙasa. Kumfa mai kumbura a yi hankali da ita: tana iya turo ƙarfen bango ya yi tudu, kuma idan ta toshe ramukan da ke ƙasan bodi da ƙofofi, waɗanda aka yi don ruwa ya tsiyaye, ka gina wa tsatsa gida. Haɗin alluna duka a rufe da tef ɗin alminiyam.

Ƙasa: manna sandunan katako masu kaurin milimita 25 da gam, cusa PIR a tsakaninsu, ɗora filawud na milimita 12, sai leda. Kada ka huda ƙasan mota sai ka leƙa ƙarƙashi, tankin mai da bututun birki suna nan.

Inda nauyi ke shigowa ba a sani ba shi ne filawud. Falle ɗaya na milimita 18 ya haura kilo 30, na 12 wajen 20. Falle goma na 18 sun cinye kusan rabin abin da aka ware maka. Bango da silin milimita 4 zuwa 6 sun isa, kabad 12, sai saman teburin girki kawai ke son mai kauri. Kabad da gado kada a ɗaure su da sukurun katako jikin siririn ƙarfe, girgiza za ta kwance su. Yi amfani da notin da ake matsewa cikin rami, M6 ko M8, a jikin haƙarƙarin motar. A karo mai ƙarfi abu kan ja da ninkin nauyinsa sau ashirin, wato akwatin kilo 25 ya zama kamar kilo 500 yana nufo bayan kujerar direba.

Gado a kan tsinken katako masu tazara, kada a ɗora katifa kan rufaffen allo, funfuna za ta kama ƙasanta. Auna faɗin cikin motar kafin ka yanke shawarar kwanciya a gicciye: Fiat Ducato tana da kusan mita 1.87, Mercedes Sprinter kusan 1.78, kuma bango zai ci santimita da dama daga ciki.

Mai Riwaya:

Ɗan'uwa, a harkar wuta ba a fara da tambayar batir nawa. Ana fara da me za ka ci a rana. Ɗauki wat ɗin kowane abu ka ninka da awoyin da yake aiki, abin da ya fito shi ake rubutawa da Wh.

Firji mai kwamfuresa na 12V, lita 40 zuwa 50, yana jan wajen 45W, amma yana tashi yana hutawa. A ce yana aiki kashi 40 cikin ɗari na yini, ya ci 430Wh. Fanka 20W na awa 10, 200Wh. Fitilun LED shida masu 2W na awa 5, 60Wh. Kwamfuta 60W na awa 4 ta inbata, da asarar inbatar, wajen 275Wh. Wayoyi biyu 30, famfon ruwa 15. Jimilla ta kama kusan 1,000Wh, wato wajen 80Ah a kan 12V (da Ah ake auna girman batir).

Batirin lithium nau'in LiFePO4 mai 100Ah yana ɗauke da 1,280Wh, kuma za ka iya shan kashi 80 zuwa 90 ba tare da ka cuce shi ba. Guda ɗaya ya riƙe ka yini ɗaya cif. Don hadari na kwana biyu, ka sa 200Ah. Batirin dalma kuwa, ko na ruwa ko AGM, rabinsa kawai ake sha in ana son ya daɗe, saboda haka sai ka tara 400Ah kafin ka kamo wancan. Ɗaya mai 100Ah kusan kilo 30 ne, na lithium 12 ko 13. Ka tuna sikelin Oga Bakanike. Batirin tada mota bai dace da wannan aikin ba sam, an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙoƙi, shanye shi kullum zai kashe shi cikin 'yan watanni.

Lithium yana da sharuɗɗansa. Dole ya kasance da BMS, wato na'urar da ke kare batirin, tana yanke wuta idan caji, ja ko zafi ya wuce iyaka. Ba a cajinsa ƙasa da digiri 0, kuma sama da 45 ma ba ya so, don haka kada ka sa shi kusa da inda salansa ke wucewa ko cikin akwatin da iska ba ta shiga. Saita caja a 14.2 zuwa 14.4V, ko abin da takardarsa ta ce.

Sola: farantin da ke kwance a rufi, da zafi da ƙura, ba ya ba da abin da aka rubuta. Lissafa da kashi 75. 300W sau awa huɗu da rabi na rana mai ƙarfi sau 0.75 ya ba ka kusan 1,000Wh, wato daidai-wa-daida babu rara. Idan rufin zai ɗauki 400W, sa 400. Bar tazarar santimita 3 zuwa 5 a ƙarƙashi, domin kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage kusan kashi 0.4 na ƙarfinsa, ga shi kuma farantin ya zame wa rufin inuwa. Masu lanƙwasuwa da ake mannawa jikin rufi suna gasuwa, ba sa daɗewa. Lura da inuwar murfin fanka idan an buɗe shi, inuwa a kan ƴan gidaje kaɗan tana iya karya ƙarfin farantin sosai. Kwantirola, wadda ke daidaita caji tsakanin sola da batir, ta zama nau'in MPPT, 30A ta ishi 300 zuwa 400W. Tara Voc na farantan, wato volt ɗin da faranti ke bayarwa in ba a haɗa masa komai ba, idan ka jera su bi da bi, kada ya kusanci iyakarta. Kullum batir ake fara haɗa mata kafin sola, wajen cirewa kuma sola ake fara cirewa.

Yanzu inda motoci ke kamawa da wuta: waya. A 12V wutar da ke gudu tana da yawa, siririyar waya tana cin ƙarfin ta mayar da shi zafi. Ga misali: firji mai jan 5A, nisan mita 5, zuwa da dawowa mita 10. Wayar 1.5mm² za ta zubar da kusan 0.6V, sai firjin ya ɗauka batir ya mutu ya dinga kashe kansa. Ta 2.5mm² tana zubar da 0.35V, bakin iyaka ke nan. Ta 4mm² 0.2V, ita za ka sa. Inbatar 1,000W tana jan sama da 90A, tana son 35mm², tsayin da bai wuce mita ɗaya da rabi ba, da fiyus na 125A. Waya ta zama mai silili da yawa, ta jan ƙarfe zalla. Ta gida mai ƙwaya ɗaya girgiza tana karya ta. Kankare bakin silin da wuƙa, in ka ga fari a ciki alminiyam ne aka yi wa rufi, ajiye ta.

Fiyus waya yake karewa, saboda haka girmansa bai wuce abin da wayar ke iya ɗauka ba. Babban fiyus ya zauna kusa da kan batir, cikin santimita 18, sai babban makunni, sai akwatin fiyus da kowane layi ke da nasa. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Kawunan waya a matse su da abin matsi na gaske, a ja da hannu a gwada, kada a murɗa a naɗe da tef. Haɗin da ya yi sako-sako shi ke yin zafi. Bayan mako biyu na tafiya, sake bin notocin duka.

Sa shunt mai ƙirga abin da ya shiga da wanda ya fita, kuma duk baƙaƙen wayoyi su bi ta kansa. Lithium yana tsayawa wajen 13.2V kusan duk tsawon aikinsa, mitar auna volt ba za ta gaya maka saura nawa ba. Inbata ta zama mai tsaftatacciyar wuta, da RCD na 30mA, makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yoyo ko ta ja mutum, a bakin fitarta, kuma a kashe ta in ba a aiki: 15W da take ci a zaune ya zama 360Wh a yini, kusan cin firji.

Matafiyi:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Mai Riwaya, saura tambaya biyu. Zan iya janyo waya daga batirin mota zuwa na lithium da rile kawai, ya yi caji ina tafiya? Kuma wannan tsarin zai ɗauki ƙaramin AC da dare? Har yanzu kuma ina jiran mai bayanin gas da ruwa.

Mai Aikin Gas da Famfo:

Malam, gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba ya tashi ya fita ta fanka, kwanciya yake a ƙasa kamar ruwa yana jiran tartsatsi. Saboda haka tukunyar tana zama a tsaye, ɗaure da maɗauri biyu, cikin akwatin da aka toshe ta ɓangaren ɗaki, da rami a ƙasansa da ya fita waje, nesa da salansa. Babu waya, babu makunni, babu batir a cikin wannan akwatin. Regileta ta dace da murhun, na irin waɗannan motoci galibi 30mbar ne. Dogon layi a ja shi da bututun jan ƙarfe na milimita 8, a kama shi jikin bango kowane rabin mita, tiyon roba gajere ne kawai daga tukunya, kuma yana da shekara a jikinsa, ana canza shi. Murhu ya zama mai yanke gas da kansa idan iska ta kashe wutar. Gwada kowane haɗi da ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai yoyo. Rufe kan tukunya kafin tafiya da kafin barci. Sa ƙararrawa biyu: ta gas can ƙasa, ta iskar carbon monoxide daidai inda kuke numfashi. Wannan iskar ba ta da wari ba ta da launi, mai barci ba ya farkawa. Kada a taɓa ɗumama ɗaki da murhu ko gawayi. Abin kashe gobara ya rataya kusa da ƙofa. In an gama, wanda ya ƙware ya gwada layin da ma'aunin matsi.

Ina da ɗan ja da Malam Kafinta kan tef ɗin alminiyam na haɗin alluna. Yana da kyau, amma babu mai iya toshe mota ta yadda tururi ba zai kai ga ƙarfe ba. Kilo ɗaya na gas in ya ƙone yana sakin ruwa kusan lita ɗaya da rabi, ga numfashin mutum biyu duk dare. Wanda ya dogara da tef ya rufe tagogi, ƙarfensa zai yi gumi a ɓoye. Fanka ta yi aiki duk lokacin girki, kuma a bar ramin iska da ba ya rufuwa.

Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne. Da tattali mutum yana cin lita 10 zuwa 15 a rana ban da wanka, don haka ku biyu na kwana uku lita 60 zuwa 90. Tanki ya zama na ruwan sha, wanda haske ba ya ratsawa don kada gansakuka ta fito, mai shinge a ciki don ruwa kada ya dinga tunkuɗar mota a kwana. Jarkoki huɗu na lita 20 ma sun yi, sun fi sauƙin cikawa da wankewa. Sa mataci kafin famfo, da ƙaramar tukunyar matsi bayansa don kada ya dinga tashi yana tsayawa. In ka ji famfo ya yi gurnani da dare ba wanda ya buɗe ruwa, akwai yoyo a wani haɗi. Ba shi makunninsa daban. Ruwan wanke-wanke ya tafi tankinsa ta bututu mai lanƙwasa da ke tare wari.

Mai Riwaya:

Rile kawai, a'a. Lithium ba ya jan wuta a hankali kamar na dalma, duk abin da altaneta ke da shi zai zuƙe. Tsohuwar altaneta tana aiki da iyakar ƙarfinta injin yana silo, fankarta ba ta juyi sosai, sai ta gasu. Kuma idan BMS ya yanke kwatsam tana tsaka da ba da wuta mai yawa, wutar kan yi tsalle ta lalata kaya. Sa cajar DC-DC ta 30A. Ita ke ƙayyade abin da za a ja, ta ba lithium cajin da ya dace, ta kuma tsaya idan injin ya mutu don kada a shanye batirin tada mota. Wayar 16mm² idan nisan bai wuce mita 5 ko 6 ba, fiyus na 60A a duka ƙarshen biyu, tunda kowane ƙarshe batir ne. Tana zafi sosai, kafa ta inda iska ke wucewa. Tuƙin awa biyu zai zuba maka wajen 800Wh, kusan cin yini guda, shi ne madogararka ranar da babu rana.

AC kuwa, ƙarami ma yana cin wajen 600W. Awa 8 ya zama 4,800Wh, batirinka na 200Ah gaba ɗayansa 2,560 ne. Kafin tsakar dare ya ƙare, firji ya mutu tare da shi, kuma 400W na sola ba zai mayar da ko rabin 4,800Wh ɗin ba washegari. Mai son AC sai ya koma 24V ko 48V, da batir ninki uku da sola da rufin ba zai ɗauka ba. Maimakon haka ƙara fankar 12V mai juyawa a gefen gado, 5W zuwa 10W take ci, ta haɗu da ta rufi mai zuƙe iska. Idan kana ganin wata rana za ka faɗaɗa, tun yanzu binne bututun roba na milimita 25 guda biyu a bayan bango daga wurin batir zuwa rufi da zuwa gaba, ka bar igiya a cikinsu, kuma ka ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a jiki kafin ka rufe shi.